Wata Shidan da Muka Ɓoye wa Baffa

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Baffa dai ya riga mu. Ya rasu wata Talata da hantsi a gidansa na Haɗeja, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara, shi ya sa a zaman makoki aka zaunar da ni kusa da Inna, matarsa, masu gaisuwa suna haɗa mu su yi mana tare.

Kwana uku ina jin magana ɗaya daga baki daban-daban. Matan unguwa su ce ashe haka ciwon ya zo masa farat ɗaya. Matan abokan nomansa na Auyo su ce bara warhaka yana cikin shinkafa, ruwa iya gwiwa. Wata tsohuwa da ta sha hanya a bayan babur tun daga Guri ta riƙe hannuna ta ce, "Shi ciwon daji haka yake, 'yar nan. Ba ya sallama, sai dai ki gan shi a tsakar gida." Na ce mata haka ne, Allah Ya ba da lada. To me zan ce? Amma raina tafasa yake yi, domin wannan ciwon ya yi sallama. Shekara biyu da rabi kafin ya shigo ya yi ta, kuma da idona na gan shi a allon likita. Mu ne muka ji muka yi kamar ba kowa a gidan.

Duk da haka da na ci gaba da yin shiru, don na ƙware a shirun. Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da na jiyo daga zaure ran addu'ar uku. Wani yana cewa, "Tsofaffinmu sai a hankali. Ba sa son asibiti sai abu ya gagara." Sai na ji muryar Yaya, babban ɗan Baffa, ya amsa da, "Sai haƙuri." Wato an binne mutumin, yanzu kuma za a ɗora masa laifin mutuwarsa. Wannan kam ba zan iya haɗiye shi ba.

Duk wanda ya san Baffa ya san ba mai sakaci ba ne. Manomin shinkafa ne a fadama, kuma kowace shekara, tun kafin kogi ya fara cika, yakan ɗauki sanda ya bi jingar da ta kare gonakinsu taku-taku yana caccakawa, yana neman ramin ɓera da inda gara ta ci. Ba nasa ɓangaren kaɗai ba, har na maƙwabta, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Abokansa suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. In ya sami rami sai ya tsaya a kai ya aika a kira mai gonar, ba ya tafiya sai an toshe a gabansa. Kullum maganarsa ke nan, "Ni dai ku nuna mini abu tun yana ƙarami." Haka yake da irin shuka. Yakan zuba a tafin hannu ya kai fuska kamar mai shirin sumbata, ya tsince masu tabo ɗaya-ɗaya, Inna tana mita abinci yana hucewa.

Ni kuwa Malama yake kirana tun ina aji uku, wai don na taɓa gyara masa karatun wata takarda. Shekarar da ruwa ya yanke hanyar makarantarmu ana gobe jarrabawa, shi ya aro kwalekwale ya tuƙa ni da kansa, ya sa littattafaina a ƙwarya ya ɗora a cinyarsa. Yana tuƙi yana cewa, "In kika faɗi, Malama, sai ki biya ni da noma." Na ci jarrabawar. Da na zama malamar makaranta ta gaske, sai ya ce shi bai ga abin murna ba, ai shi ya naɗa ni tun tuni.

Faɗa ɗaya na san ya taɓa yi wanda ya daɗe, kuma a kan mahaifina ne. Ranar da mahaifina ya rasu Baffa yana Guri wajen sayen kifi. Aka aika masa kamar yadda aka saba, aka ce ƙaninka ba ya jin daɗi, ka zo. Ba a faɗa wa mutum rasuwa kai tsaye, wai kada ya faɗi a hanya. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya tsaya ya gama ɗaure kayansa, ya kwana, ya iso washegari ya tarar da kabari. Kusan shekara bai yi wa ɗan aiken magana ba, kuma ɗan aiken ɗan'uwa ne. Ya ce, "Kun ji tausayina kun hana ni sallar ƙanina." Duk gidan mun san wannan labarin, har wasa ake yi da shi. Sanin bai hana mu komai ba.

Ciwon ciki kuwa ya daɗe da shi. Ƙwannafi, zafi a ƙahon zuci, kumburi in ya ci abinci. Yakan jiƙa kanwa ya sha, in ta ƙi a sayo masa maganin olsa a kemis. Sai ya fara ramewa, fatar idonsa ta yi fari. Wani likita a nan Haɗeja ya ce wannan ya wuce a yi ta shan magani a makance, a kai shi Kano a leƙa cikin. Muna tsoron yadda za mu shawo kansa, sai ga shi ya riga mu shiga mota.

Ni da Yaya muka raka shi. An hana shi cin komai tun ana gobe za a duba shi, aka fesa masa magani a maƙogwaro, aka zura masa wani siririn bututu mai kyamara a baki har cikin tumbi. Da aka gama ya huta, likitan da ya yi aikin ya kira mu mu uku ya juyo mana da allon na'urar. Matashi ne, mai haƙurin bayani, Hausarsa tas. Ya ce na'urar da aka saba da ita tana nuna gyambo ko ƙari ne in ya riga ya fito. Wannan kuwa tana matsowa jikin fatar tumbin ta girmama ta, a sauya hasken, har a ga ƙananan jijiyoyin jini da zanen da Allah Ya yi a jikin fatar, waɗanda ido ba ya gani. Da su ake gane wurin da ya fara sauyawa tun bai zama ciwo ba.

Ya nuna mana wuri mai lafiya, ɗigo-ɗigo a jere kamar saƙar zuma. Ya nuna inda fatar ta sirance ta koɗe. Sannan ya wuce wani hoto da sauri, sai Baffa ya ɗaga hannu.

"Dakata, likita. Koma baya. Wannan wurin fa? Ai ya hargitse."

Likitan ya dube shi ya yi dariya. "Baba, ko ka taɓa aikin nan ne? Shi ne wurin da nake zargi. Na ɗan gutsuro nama daga nan, za a kai ɗakin gwaji. Sai sakamako ya fito za mu san ko mene ne."

Wurin bai kai farcen ɗan yatsa ba. A hanyar dawowa Baffa sai santin na'urar yake yi, yana cewa da za a ba shi aronta ya bi jinga da ita, da ruwa bai ƙara cin gonar kowa ba.

Bayan mako biyu muka koma karɓar sakamako, ni da Yaya kawai. Mun ce hanya da nisa, kada a wahalar da tsoho. Likitan ya zaunar da mu ya yi magana dalla-dalla, kuma ina so a san cewa bai rage komai ba. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta a tumbin, za a sha magani na mako biyu. Ya ce wurin nan da Baffa ya nuna ba daji ba ne, amma naman ya fara kauce wa yadda aka halicce shi, kuma irinsa ne kan zama daji in an bar shi. Ya ce lallai a dawo da shi bayan wata shida a sake dubawa da wannan na'urar. In an ga ya ci gaba, ana iya ɗebe shi ta bututun ba tare da an tsaga ciki ba. Ya rubuta a kati ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Da na so in faɗa masa da bakina," in ji shi.

Yaya ya ce, "Haba likita, ai mu 'ya'yansa ne. Mun san yadda ake yi masa magana."

Katin ni aka miƙa wa, tunda ni ce Malama. Ba mu gama sauka daga bene ba Yaya ya ciro waya ya kira gida. "Alhamdu lillahi, ba daji ba ne." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ba ƙarya ya yi ba, rabi ya faɗa, ni kuma ina tsaye a gefensa da ɗaya rabin a jaka.

Kafin mu iso Haɗeja magana ta zagaye dangi. Mun tarar da gida cike da 'yan barka. Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta riga ta sa an nemo rago, an sanar da malamai za a yi saukar Alƙur'ani ran Juma'a don godiya. Aka yi kuwa. Aka dafa shinkafar gonarsa aka raba har unguwa ta uku. Baffa ya sa farar riga ya zauna a zaure, mutane suna shigowa suna cewa Allah Ya kiyaye gaba, yana amsawa da fara'ar da na daɗe ban gani ba.

Washegari na sami Yaya da Gwaggo a ɗakin Inna na ce to, saura maganar komawa.

Gwaggo ta ce, "Wace komawa kuma?"

Na yi bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta gyara zama. "Yanzu ke, 'yar nan, mutum ya tara jama'a ya gode wa Ubangijinsa, sai ki je ki ce masa a'a, da saura? Me kika mai da saukar? Kuma ba a faɗa wa babba irin wannan. Tunani kaɗai ya isa ya kwantar da shi."

Yaya ya ce, "Ki bari ya sha maganin mu gani. In lokacin ya yi sai mu san dabarar da za mu kai shi."

Babu malamin da ya ce mana godiya tana hana komawa asibiti. Ba mu tambayi ko ɗaya ba, don mun san amsar da za a ba mu. Mu dai kunya ce ta kama mu. An yi taro, an ci rago, wa zai fita ya ce an yi gaggawa?

Da zan iya tsayawa a nan in ce Yaya ne da Gwaggo, da na ji daɗi. Amma ba su Baffa ya tambaya ba. Bayan kwana biyu na kai masa ruwa zaure da la'asar, yana gyaran igiya, bai ko ɗago ba ya ce, "Malama, wurin nan da ya hargitse fa? Me suka ce a kansa?"

Na ce, "An ce ba komai, Baffa. Ka dai shanye maganinka."

Ya ce, "To madalla. Tunda ke kika faɗa."

Maganin ya karɓe shi, abin da ya ƙarasa mu ke nan. Ƙwannafin ya tafi, ya mai da jikinsa, ya koma cin tuwo da miyar bandar kifi har yana neman ƙari. Wata shida ya cika ana tsakiyar girbi, tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadama, kowa yana gona daga safe har yamma yana kora. Na ce a raina bari a gama girbi. Aka gama, na ce bari a yi Salla. Bayan Salla kuma sai wani sabon nauyi ya hau kaina, domin yanzu ba komawa kaɗai zan faɗa masa ba, sai na haɗa da cewa na yi masa ƙarya. Sau biyu ina tuna wa Yaya, yana cewa, "Ke ba kya ganin mutumin garau yake?" Ni ma abin da nake so in ji ke nan. Na sauya jaka sau uku a shekarun nan, kowane karo ina ciro katin in mai da shi cikin sabuwar.

Da ciwon ya dawo bai zo da wasa ba. Loma uku sai ya ce ya ƙoshi, abin da ya ci kuma ba ya zama. Cikin wata biyu rigunansa suka yi masa yawa. Muka koma Kano, ni da shi da Yaya, muka sami likitan nan dai. Aka sake zura bututun. Wannan karon ba a bukaci girmama komai ba, ko ni da ban san aikin ba na gani daga inda nake zaune. Likitan ya nemo tsofaffin hotunan ya ajiye su gefe da gefe da sababbin, ya daɗe yana kallo. Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya juyo wurin Baffa.

"Baba, me ya hana ka dawowa? Na ce wata shida. Na rubuta. A lokacin nan abin da za a yi kaɗan ne."

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Ni kuwa jakar tana kan cinyata, na ji kamar in nutse. Baffa ya dubi Yaya, ya dube ni. Bai daɗe a kaina ba, amma na san ya gama lissafinsa. Sai ya mai da ido kan likitan.

"Aikin gona ne ya riƙe ni, likita. Yaran sun yi ta fama da ni, na ƙi. Ka yi haƙuri."

Likitan ya girgiza kai ya yi masa 'yar nasiha a kan taurin kai, cikin ladabi. Baffa yana ta cewa haka ne, gaskiyarka. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ko a cinikin shinkafa ba, ya yi ta ranar don kada a ga wallenmu a gaban baƙo. Mu kuwa, manya da mu, muka zauna muka bar shi ya sha faɗan.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Da muka wuce Ringim Baffa ya ce a tsaya ya yi salla, shi ke nan.

An gwada abin da za a iya gwadawa, amma ciwon ya riga ya bazu. Wata biyar ya yi a kwance. Bai faɗa wa Inna ba, bai tayar wa Gwaggo da maganar ba. Masu dubiya su zo su ce, "Alhaji, ai da ka koma da wuri," ya ce, "Laifina ne." Kowane "laifina ne" a kunnena yake sauka. Na tsani Yaya a watannin nan, na tsani Gwaggo da take ta kawo rubutu da jiƙe-jiƙe tana kuka, amma ba kamar yadda na tsani kaina ba. Har yau ni da Yaya ba mu taɓa buɗe maganar ba. Zai karanta wannan, zai ce na tona asirin gida. Na tona, Yaya. Ka zo mu yi faɗan da ya kamata mu yi tun a kan benen asibiti.

Ana saura kwana huɗu ya rasu, da rana bayan azahar, ya sa aka fito da shi rumfar tsakar gida, ya ce a kira masa kowa. Aka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya ana neman gafara. Ya yafe wa Inna, ya ce ita ma ta yafe masa abincinta da ya sha bari ya huce. Ya yafe wa Gwaggo. Yaya ya durƙusa, Baffa ya dafa kansa ya ce ya riƙe zumunci. Ni na ƙi matsawa sai da kowa ya watse. Na zauna a bakin tabarmar, na ciro katin na ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya kai fuska, ya daɗe yana kallon layi biyun nan, duk da ba ya karanta boko sosai.

Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Ka tambaye ni na ce ba komai."

Ya ce, "Na yafe miki tun a mota."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, ba rarrashi. Da na lafa ya miƙo mini katin, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta.

"Tausayina kuka ji, na sani. Amma Malama, da kin faɗa mini, da na je."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ciwon nan ya zame masa kaffara. Duk wanda ya ji an ce ya ƙi asibiti, ya ce ba haka aka yi ba. Ba a faɗa masa ba ne, kuma ni ya tambaya.